Wata Takwas Muna Rubuta wa Juna Lafiya Lau

Jaradiya, Riyad.

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na san wannan takarda ba za ta isa gare ki ba. Ko da kina raye ma sai an karanta miki, balle yanzu. Amma fushi nake yi, Inna, kuma ba ni da inda zan kai shi.

Kin san yadda na ji rasuwarki? Ina kasuwar Aziziya, kwalin tumatir a kafaɗata, waya ta yi ƙara. Layi biyu ne Sabi'u ɗan Kawu ya rubuta a zauren dangi na waya, har da lokacin jana'iza, a ƙarƙashin hotunan wani biki. Haka ake gaya wa mutum uwarsa ta rasu? Lokacin rasuwar Baba, ke da kanki kika tura Malam Idi liman har tasha. Ya zaunar da ni, ya fara da cewa jiki ya tsananta, sai da ya ga na natsu sannan ya faɗa. Wannan karon mutum talatin sun riga ni sani, sun jera addu'a iri ɗaya, kowa ya kwafo ta wani.

Ƙanwata Rabi ta ce wata biyar kina kwance. Ta ce ke kika hana ta faɗa mini, ke kika ce ta riƙa rubuta lafiya lau, kada in kira in ji yadda muryarki ta dushe. Don me, Inna? Wa ya ce miki na fi son zaman nan a kan in riƙe hannunki? Da na sani, wallahi da na miƙa kaina ga hukuma an mayar da ni gida, ko da rigar jikina kaɗai. Kin yanke mini hukunci ba ki tambaye ni ba, ita kuma Rabi ta ba ki aron yatsunta.

Amma in za a yi adalci, ni na fara. Ke ce daga sallamata kike gane ko na ci abinci. Da kafil ɗina, ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana a nan, ya sallame ni daga tuƙi, iƙamata, wato takardar izinin zama, ta mutu, na san kira ɗaya zai tona ni. Sai na ce layi ba ya kyau, na koma rubuta wa Rabi tana karanta miki. Rubutu ba ya tari, ba ya rawa, ba ya yin shiru a tsakiyar magana. In rubuta na gaji, in duba, in goge, in sa alhamdu lillahi. Har na saba. Yanzu ko a zuciyata magana ta taso, sai in ji ina gyara ta kafin in yarda da ita. Motar da kika gani a hoto ba tawa ba ce. Dako nake yi, Inna, da furfurata.

Labarin gida kuwa, Rabi ta sauka, mace, an sa mata sunanki. An zuba buhunan gero a ɗakinki. Akuyarki mai gardamar nan ta ƙi zama gidan Kawu, kullum sai ta dawo ƙofarki. Duk a rubuce na samu, don haka ban san nawa ne gaskiya ba.

Kwana arba'in ke nan Rabi tana turo saƙo ban amsa ba. Ita kaɗai ta rage mini, kuma na ga alamar haka za mu ƙare ni da ita, kowa yana lafiya lau har a binne shi. Ba zan yarda ba. In na idar da La'asar zan kira ta. In faɗa ne ya fito, ta ji da kunnenta. In kuka ne, shi ma ta ji.

Ban huce ba tukuna, amma na yafe miki. Ki yafe mini. Allah Ya haskaka makwancinki.

Ɗanki da ya ɓoye miki,
Lawal