Wayar Marigayi

Laraba, bayan isha'i

Sati uku ke nan Baba bai sayar da sabuwar waya ko ɗaya ba. Kowa gyara yake kawowa.

Yau da na dawo daga lakwal, wato makaranta, na tarar da wata tsohuwa 'yar garin Karakara a kanti, riƙe da wayar mijinta da ya rasu bara. Baba ya ce, "Inna, wannan ta gaji. In ta ɗauke ba za ta sake tashi ba. Ki ɗauki sabuwa."

Ta ce, "Ɗana, sabuwar ta san sunana?"

Ta bar mana ita a yi mata sharji zuwa gobe. Da magariba ina share kanti ni kaɗai, sai muryar namiji ta fito daga cikin akwatin da muka ajiye wayar: "Hajara, a ɗaure tumaki." Ashe mijin tsohuwar ne ya naɗa muryarsa don wayar ta riƙa tuna mata kullum. Na gane haka, amma sai da na amsa, "To."

Yanzu kuran ya tafi, babu lantarki, batirin wayar kuma ya yi ja. Ga ta kan tabarmata. Na kasa kashe fitila, ina ta kallonta kamar mai jinya.