Ƙirjin Inna Ba Ya Tashi Sai Mun Yi Nisa

Anti, ki taimaka mini, kaina ya kulle. Ni mai sayar da takalma ne a kasuwa, kuma ba yabon kai ba, daga tafiyar mutum nake gane wanda ya zo saye da wanda ya zo shan fanka. To, wannan idon nawa ne ya jawo mini, don ya hango abin da bai kamata ɗa ya hango a jikin uwarsa ba.

Innarmu ita kaɗai take zaune tun rasuwar Baba. Mu huɗu ta haifa, ni ne babba, kowa da hidimarsa, zuwa sai an samu sarari. Bara maƙwabciyarta ta yanke jiki ta faɗi. Inna na bakin taga tana kallo, motoci suka cika layi, wannan na fifita, wancan na matsa ƙafa, har ɗan maƙwabciyar na nesa ya dawo. Ba a jima ba Inna ta kira mu, wai ƙirjinta ya riƙe. Kowa ya saki abin da yake yi muka bazama. Wallahi ranar ta ci abinci tana dariya kamar ba ita ba. Shi ke nan, in muka kwana biyu ba mu leƙa ba, ƙirji ya tashi. Har dafa bangon da maƙwabciyar take yi, Anti, sak shi take yi!

Makon jiya ta kira ina tsakiyar ciniki, na ce wa ƙannena kowa ya yi zamansa, in ba ta ga kowa ba, za ta daina. Autarmu ta ƙi ji, ta kai ta asibiti, likita ya ce jininta ya hau sosai. Yanzu ƙannen ko gaishe ni ba sa yi, ni kuma waya na ƙara gabana ya faɗi. In na ruga, na ƙara mata ƙarfin gwiwa. In na zauna, wata rana in je in tarar an lulluɓe ta. Yaya zan yi?

Mai Takalma

Mai Takalma, idonka bai yi ƙarya ba, amma rabin abin ya gani. Ɗan Adam, yaro ko tsoho, abin da ya ga ya yi wa wani aiki shi yake gwadawa, in ya ci riba ya riƙe. Inna a wurin maƙwabciya ta ɗauki salo, amma ku kuka nuna mata cewa lafiya ba ta kawo kowa, ciwo ke cika ɗaki. Kewa ce ke damunta. Ƙannenka kuma suna da gaskiya: ba a yi wa mai hawan jini gwajin ƙin zuwa, kuma sanin mai saye bai mai da kai likita ba.

Duk ranar da ta ce ƙirji, mutum ɗaya ya je nan take ya kai ta asibiti, ba gayya. Gayyar ku mayar da ita ranakun da take garau. Ku raba kwanaki, ku kwashi jikoki su je su hargitsa mata ɗaki. Da farko kiran zai iya ƙaruwa, kada ku karaya. Kada kuma ka kuskura ka nuna mata ka gano ta, kunyata ta kawai za ka yi.

Ka fara ba ƙannenka haƙuri. Sannan gobe ka bar takalman nan, ba guduwa za su yi ba, ka je ka zauna da uwarka tana lafiya lau. Allah ya ƙara mata lafiya, ya haɗa kanku.