Gilashin da Kawu Ya Manna a Bango

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan ƙafarka ta yi sauƙi. Gaisuwar ke nan, saura magana.

Sati uku da gobara, Inna na raɓe a ɗakin maƙwabta kamar marar gida. Silin ya ƙone, na sauke shi. Wayoyi sun narke, mai gyaran wuta ya sauya. Baƙin hayaƙi na goge shi da hannuna har fata ta saɓule. Me ya rage? Kai kuwa ka zo ka ƙwanƙwasa bango da guduma sau biyar, ka ce kada kowa ya kwana ciki, ka hau mota ka tafi abinka. Na karanta da idona a littafi, siminti ba ya cin wuta. Na san shekara talatin kana gini, amma ka yi haƙuri, bango ba kankana ba ne da za a san cikinsa da ƙwanƙwasa. Ranar Asabar zan yi fenti in mayar da Inna ɗakinta.

Ka huta lafiya.
Ɗanka, Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, bakinka ne dai har yanzu.

Littafinka bai yi ƙarya ba, rabin zancen ya gaya maka. Siminti ba ya ci, amma rodin cikinsa yana miƙewa in ya sha zafi, ga 'yan kwana-kwana sun watsa masa ruwan sanyi yana tsaka da huci. Ɗaga kai ka dubi bim ɗin da ke ɗauke da rufi, daidai saitin gadon innarka. Ya koma ja-ja, kuma ya tsage. Na manna ɗan gilashi a kan tsagar. In ginin na motsi, gilashin zai fashe. Ba shi kwana goma. Ƙanwata ce tun kafin ta zama uwarka.

Allah ya yi maka albarka.
Kawunka

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa ta sosai wannan karon, gwiwa biyu a ƙasa.

Ban mayar da Inna ranar Asabar ba. Ba don na yarda ba, wallahi don in kunyata ka ne. Kullum da safe sai in leƙa gilashinka in yi tsaki. Ranar Talata na tarar ya rabe biyu. Na kulle ɗakin. Jiya da rana tsaka muna zaune a waje muka ji rugum! Bim ɗin ya sauko da rabin rufin. Bokitin fentin da na ajiye a inda Inna ke sa filo ya koma kamar faifai.

Na tsaya a bakin ƙofar. Inna ta dube ni ta ce, "Kai mai baki, yau ina bakin ya tafi?" Ni da hannuna na so in shimfiɗa mata a wurin nan.

Kawu, na gode. Na gode da ba ka biye mini ba. Allah ya saka, ya ƙara wa ƙafar nan lafiya. Maganar kankana ka yafe mini. In kana ɗaukar ɗalibi mai taurin kai, ina so in koyi abin da kunnenka ke ji a bango.

Ka huta lafiya.
Ɗanka, Auta

Auta,

Alhamdu lillahi. Ka gaida mini ƙanwata.

Ka zo. Guduma na nan. Ka taho da littafin ka karanta mini, idona ya yi rauni. Ka sayo kankana a hanya, da ita za mu fara.

Kawunka