Tsagaggun Tuluna a Bakin Titin Kaduna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara, a makwancinta na Kusasu.

Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ɗanki Ɗanjuma ne ke rubuto miki. Bayan rasuwarki na shiga ajin yaƙi da jahilci, sai ki yi haƙuri da rubutun, har yanzu layina karkacewa yake yi.

Inna, albishirinki. Na isar da saƙonki, kuma murna ta hana ni zama wuri ɗaya. Bari dai in bi miki labarin daki-daki.

Kin tuna shekarar da Turawa suka sa a sare daji don hanyar mota, mai unguwa ya bi gida-gida yana ɗaukar namiji ɗaya. Ni ya nuna. Yaya Tanko ya ce kurkunu bai saki ƙafata ba, ya saɓi gatari ya tafi a madadina. Bayan wata uku kowa ya koma gonarsa, shi kuwa ya zo ne kawai ya gaya miki heluma, shugaban leburorin, ya ɗauke shi lebura, zai bi aikin ya yi gaba. Kina sussukar dawa, ko ɗagowa ba ki yi ba, kika ce: "In ka bi jar hanyar nan, kada ta sake dawo mini da kai." Ya bi ta, bai kuma dawo ba.

Shekara tara kina cewa hanyar ba ta zuwa ko'ina, daji ne kawai ya tsone wa Bature ido. Amma ina lura da ke ranar kasuwar Birnin Gwari. Da mota ta tsaya sai ki maƙale wajen masu daddawa kina ta ciniki, alhali daddawarki ta fi tasu, idonki yana kan masu saukowa. Sai da ciwo ya kwantar da ke kika kira ni kika ce: "Ka bi hanyar nan har inda ta ƙare. Ka ce masa na janye bakina, na yafe masa duniya da lahira."

Bana da aka gama girbi na hau motar kaya, na zauna a kan buhunan dawa. Muka keta dajin nan da kika hana mu shiga ko da rana tsaka, birai suna tsallake hanya, ni ina riƙe da hulata da hannu biyu.

Inna, wallahi hanyar tana zuwa wani wuri! Da muka kai Kawo sai jar ƙasa ta ƙare, kwalta ta fara. Hanyarmu, wadda mutanen Kusasu da Kutemeshi suka kwashe wa kututture, ita ce ta haɗe da babban titin Kaduna. Kekuna sun fi awakin garinmu yawa. Ga kantuna, ga ofisoshi, ga ɗan sanda da gajeren wando yana tsayar da mota da tafin hannu kawai. Na ga an murɗa ƙarfe ruwa ya zubo, na tsaya kallo har wata mai tallan ƙosai ta tambaye ni ko yau aka haife ni. Na yi dariya, don gaskiyarta ce.

Sai dai a ina zan ga mutum ɗaya a cikin wannan jama'a? Kwana uku ina tambayar Tanko ɗan Kusasu. Aka ce mini kowane lungu da Tankonsa, leburori kuma yau suna nan, gobe suna can. Na ji tsoron in koma gida da saƙonki a bakina, shi kuma ya mutu yana zaton kina fushi da shi.

Rana ta huɗu da hantsi na zauna hutawa a gindin wani mangwaro a bakin titi. Ina dafa ƙasa sai hannuna ya taɓa sakaina, an danne ta da dutse. Na ɗaga, sai ga bakin tulu an binne shi har wuya. Ke kaɗai na sani ba kya yar da tulun da ya tsage. Binne shi kike yi a gindin gwandarki ta bayan gida, ki cika shi da ruwa, ki rufe da sakaina, ya yi ta tsiyaya wa saiwa a hankali har rani ya wuce. Mu biyu kika koya wa, kuma ni ban bar gida ba.

Na ruga bishiya ta gaba, akwai. Ta gabanta ma akwai. Haka na bi titin ina ɗaga sakainu, mutane suna ja da baya, sun ɗauka taɓin hankali ne. Na wuce kasuwa, na haye gada, na nufi Kakuri. Sai na lura bishiyoyin suna ta ƙanƙancewa, daga masu inuwa zuwa tsayina, daga tsayina zuwa gwiwa. Na san ina kusa da mai dashen.

Inda gidaje suka fara ƙarewa na tarar da wani mutum a durƙushe yana tura ƙasa a jikin tulu. Furfura ta fara cin gemunsa, amma tabon gatarin da ya sare shi tun muna yara yana nan a ƙwaurinsa. Na yi sallama, ya ɗago, ya kira sunana. Muka rungume juna, duk ya ɓata mini riga da laka.

Ke ya fara tambaya. Na gaya masa, ya zauna daɓas a ƙasa. Sannan na faɗa masa saƙonki yadda kika faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba. Ya sa na maimaita har sau uku. Can ya ce: "Sau biyu motar aiki ta kai ni kasuwar Birnin Gwari. Na hango ta wajen masu daddawa. Na kwanta a bayan kaya, don ba ta ce in sauko ba."

Mun yi kuka, Inna, ba zan ɓoye miki ba. Amma yau farin ciki muke yi. Yana da mata, da 'ya mai sunanki, mai irin hararar nan taki. Heluma ya ba shi hutu, jibi za mu taho gaba ɗaya. Ya ware dashen mangwaro ɗaya da tsagaggen tulu, zai dasa inda gwandarki take.

Allah ya haskaka makwancinki, ya yafe miki kamar yadda kika yafe masa, ya haɗa mu a Aljanna. Ranar kasuwa motar za ta tsaya a Birnin Gwari, kuma wannan karon Yaya Tanko zai sauko.

Ɗanki mai kewarki,
Ɗanjuma