Injin Akori-Kurar Marigayi

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina fatan kana lafiya. Yaya iyali, yaya ƙafar Anti Rabi? Allah ya ƙara sauƙi.

Ɗanka Nura ya ci amanata. Na ba shi makullin akori-kurar marigayi mahaifinsa, ya rantse zai gyara ta mu riƙa kai tumatir kasuwa. Jiya na je gareji a Kura, na tarar ya cire injin ya sa wa wata tsohuwar mota mai ƙofa biyu. Wai, "Mama, ji ƙararta!" Na ce, "Kwando nawa ƙara take ɗauka?"

Ga tumatir ya nuna, yana ruɓewa a gona. Ka kira shi, ko zai ji kunyarka, tunda ya daina jin tawa.

Ka sa mu a addu'a. A gaida yara.

Ƙanwarka,
Hajara