Sunan da Ke Kan Tikiti

Ƙofar Ran, Bauchi
Ranar Lahadi

Maigida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya baƙunta? Mu nan sai godiya. Tunda ƙauyen da aka tura ka waya ba ta shiga, ga takarda ta hannun Babayo direba.

Mun koma asibiti da Ummi ranar Talata. Kunnen dama ka san tun ciwon sanƙarau ya tafi. To, na hagun ma likita ya ce yana bin ɗan'uwansa, kuma bai faɗa mini wata nawa ya rage ba. Muka fito ina yi mata faɗan mayafi don kada ta kalli idona.

Ka tuna mawaƙiyar nan da take manna waya a kunne saboda ita, ni kuma ina ta mita? Za ta yi wasa a Bauchi ranar Asabar bayan la'asar. Ummi ba ta roƙe ni ba, ka san halinta. Cewa kawai ta yi tana so ta ji ta a fili ko sau ɗaya. Shekara goma sha shida kunyar 'yar fari ta hana ni nuna mata komai, sai na ce wannan kam zan yi, kuma da hannuna.

Tikitin sai ta intanet. Kwana uku ina fama. Shafin minti goma yake ba mutum, ni kuwa da yatsa ɗaya nake lalube, kafin in gama ya kore ni. In na yi sauri, sabis ya ɗauke. Jiya da hantsi ina tsaye a bakin rijiya, inda sabis ya fi ƙarfi, abin ya shiga. Biyu na saya, nawa da nata, a layin gaba kusa da lasifika. Ka yi dariyarka, matarka za ta je kallon waƙa da tsufanta.

Ka riƙa shan maganinka.

Taka,
A'i

Ranar Alhamis

Maigida,

Sallama da fatan alheri. Ina fatan wancan saƙon ya same ka lafiya. Ni dai ba lafiya nake rubuta wannan ba.

Masu shirya taron sun turo saƙo. Wai saboda masu saye su sayar da tsada, ba wanda zai shiga sai sunan tikitinsa ya zo daidai da na katin shaidarsa. Ni kuwa da na zo wajen suna, Ummi na rubuta. Na san ba shi ne a katin makarantarta ba. Amma sunan yankan nata na Hajiya ne, mahaifiyarka, ga ta kuma 'yar fari. Na ɗora yatsa a kan harafin farko, hannuna ya ƙi. Na ce ai duk unguwa da Ummi aka san ta, wa zai tambaya?

Na kira lambarsu har batir ya mutu, ba a ɗauka. Na tura saƙo, amsa ɗaya ke dawowa ta Turanci, wai sun gode da haƙurina. Na ce to in sayi wani, aka ce sun ƙare tun Litinin. Ofis ma ba su da shi, balle in je in durƙusa. Da mutum ne da na san yadda ake roƙonsa.

Ita kuwa ta goge atamfarta ta sallah ta rataye. Ban gaya mata ba. Ka sa mu a addu'a.

Taka,
A'i

Ranar Lahadi

Maigida,

Assalamu alaikum. Allah ya sa kana lafiya.

Mun je. Tikitina ya wuce, nata kuwa na'urar bakin ƙofa ta nuna ja da aka haɗa shi da katin makarantarta. Na ce a ba ta nawa, aka ce shi ma sunana ke kai. Mai tsaron ƙofar ba mugu ba ne, har Mama ya kira ni, ya ce na'ura ce, shi ba shi da iko. Na yi masa bayanin kunnen. Ya tambaye ni to mene ne ainihin sunan yarinyar. A gaban jama'a, Maigida, na buɗe baki na faɗa. Sau uku na faɗa da ƙarfi. Ya kira wani babba a waya, shi ma bai ɗauka ba.

Muka koma bayan katanga muka zauna a kan dutse. Muryar ba ta fitowa sosai, sai dukan ganga. Ummi ta ɗora tafin hannunta a jikin katangar har aka tashi. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi.

A cikin keke ta tambaye ni me nake ta faɗa wa mutumin da ƙarfi haka. Sai a lokacin na lura, a damanta na tsaya. Ba ta ji ba.

Kai ba ka taɓa kiran ta da shi ba, sunan mahaifiyarka ne. Ni ma haka. Malamai kawai ta ji shi a bakinsu. Yau da safe na zauna ta hagunta tana tankaɗe, na shirya, na buɗe baki, sai kalmar Ummi ta fito. Ta ce na'am, na ce ta miƙo mini rariya.

Ban san kwana nawa kunnen ya rage mata ba. Hajiya ta yafe mini, kai ma ka yafe mini. Ga shi zan rubuta, ko hannu zai koya wa baki.

Hamsatu.

Taka,
A'i