Yaya da Ƙuri'ar Murya

Litinin, 3 ga Nuwamba

Gwamna ya kawo kasafin baɗi majalisa yau. An tafa, ni ma na tafa. Kundin da kauri, sai da masinja ya rungume shi da hannu biyu kafin ya dire mini a tebur. Sanyin zauren nan ya yi yawa, har yanzu yatsuna ba su dawo daidai ba.

Nawa na fara nema, kamar kowa. Ɗakin haihuwar da na yi wa mutanen mazaɓata alkawari yana ciki. Na zaci zan ji daɗi. Na dai sa masa alama da biro.

Can gaba na ga an haɗe hukumar makarantun naƙasassu da ma'aikatar ilimi. Makarantar kurame tana nan, amma gaban “ɗakin kwana da ciyarwa” babu komai, ɗan zane ne kawai. A nan Yaya take aiki, ita ce uwar ɗakin kwanan. Na rufe kundin na tafi cin abinci.

Laraba, 5 ga Nuwamba

An yi ta muhawara kan motocin kwamishinoni har la'asar.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Yaya ta zo da hantsi, ko zama ba ta yi ba. Shugaban makarantarsu ya riga ya gaya musu.

Nakan manta kurma ce. Zazzaɓi ya tafi da jinta tana 'yar makaranta, tun ba a haife ni ba, amma ya bar mata magana, mai ƙarfi, ba hawa ba sauka. Bakin mutum take kallo ta gane abin da ya ce. Nawa ta fi ganewa, don ita ta goya ni bayan rasuwar Inna.

Ta kama haɓata ta juya ni wajen taga, yadda take yi tun ina yawo da gajeren wando. Ɗan majalisa guda, direba na tsaye yana kallo.

“Gashin bakin nan ya yi yawa, Auta. Kana min magana ta bayan labule.”

Sannan ta ce yaran nan daga ƙauyuka masu nisa suke, in babu wurin kwana babu makaranta. Gida za su koma, inda babu mai iya yi musu magana, sai a miƙa musu igiyar akuya.

Na ce zan ga abin da zan iya yi.

“Ban gane ba. Sake.”

Ta gane sarai. Na ce, zan tsaya musu, Yaya. Sai ta saki haɓar, ta shiga kicin ta tambayi uwar yara ko akwai ruwan zafi.

Talata, 11 ga Nuwamba

Shugabar hukumar ta zo kare kasafinta gaban kwamiti. Ta zo da fayil-fayil har da hotuna. Shugaban kwamiti ya ce ta taƙaita, akwai masu jira. Tana magana, mu muna danna waya. Wani ya tambaya ko ana buga wa kurame ƙararrawa da safe, aka yi dariya.

Na san amsar. Fitila Yaya take kashewa ta kunna, ta kashe ta kunna, har su tashi. Wanda ya ƙi ta janye masa bargo. Ban faɗa ba.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Barista, 'yar ɓangaren adawa, ta tare ni a baranda. Za ta kawo gyara: a rage kuɗin gyaran ofisoshinmu a mayar wa ɗakin kwanan kuramen kuɗinsa. “Dakta, an ce yayarka ce a can. In sa rai da kai?”

Na ce Allah ya kai mu. (Dakta. Magani kawai na sayar a kanti, amma a gidan nan kowa sai an liƙa masa wani girma.)

Litinin, 17 ga Nuwamba

Bulaliyar jam'iyyarmu ya kira ni ofishinsa. Aikinsa ke nan, ya tabbata duk mun yi abin da aka ce. Mutum ne mai fara'a, da kansa ya zuba mini shayi.

“Dakta, babu mai takura maka. Amma gyaran nan ba na kurame ba ne, na kunyata gwamna ne. In ya wuce sai an sake lale gaba ɗaya, kuma in ana lale ban san abin da zai faɗi ƙasa ba. Ɗakin haihuwarka yana ciki, ko?”

Na ce yana ciki.

“Madalla. Sha shayinka kada ya huce.”

Na tuna matar mai walda da ta haihu a bayan motar itace bara, a hanyar zuwa asibitin birni. Ita ta rayu. Na je gaisuwar rasuwar jaririn, a nan na yi alkawarin.

Ina so in rubuta cewa na ji haushi. Ban ji ba. Barci kawai nake ji.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Tsohon da ke zama kusa da ni, tun zuwana ban taɓa jin ya faɗi komai a zaure ba sai “na goyi baya”, shi ya sa ake ce masa Baba Na-goyi-baya. Yau ya leƙo fuskata ya ce na yi kama da wanda ya haɗiye biro. Na gaya masa.

Ya ce, “Ɗana, ai ƙuri'ar murya ce, ba a rubuta sunan kowa. Kakaki zai ce masu goyon baya su ce e, waɗanda ba su yarda ba su ce a'a, ya buga guduma, shi ke nan. Bulaliya ba ya iya tsintar muryar kowa a hayaniyar nan, fuskoki yake bi da ido. Ka buɗe baki ka riƙe muryarka. Shi ya ga ka yi, kai ka san ba ka yi ba. Da haka na tsufa a kujerar nan, kuma ina barcina lafiya.”

Na yi dariya. A mota na tsinci kaina ina gwadawa a madubi.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Saƙon Yaya a waya: “Ka rage gashin bakin?” Na je wurin mai aski na rage.

Talata, 25 ga Nuwamba

Yau aka yi.

Barista ta yi magana mai kyau, ina jin. Na fi kallon wata igiyar lantarki da ta ɓalle daga ƙarƙashin teburina. Shugaban masu rinjaye ya tashi ya ce babu wanda ya kai gwamnatin nan tausayin naƙasassu, haɗe hukumar ma don a inganta ta ne, yara kuma sun fi dacewa da gaban iyayensu. Wani daga baya ya ce to a mayar da ofisoshinmu gaban iyayenmu. Aka yi ta buga tebur. Kakaki ya ce a janye kalmar, aka janye. Wani ya kawo batun hanyar garinsu, aka ce ba a zo nan ba tukuna.

Sai Kakaki ya ce, masu goyon bayan gyaran su ce e. 'Yan adawa suka ce e, ba su da yawa. Bakina na rufe.

Waɗanda ba su yarda ba su ce a'a.

Bulaliya ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya. Na ga idonsa na tafe, layi bayan layi. Da ya iso kaina na buɗe baki sosai, yadda zai gani, sau biyu kamar yadda kalmar take. Ko iska ba ta fita ba, na rantse. Ya gyaɗa kai ya wuce. Guduma ta sauka.

Baba Na-goyi-baya ya ɗan taɓa gwiwata.

Sai da ake tattara takardu na ɗaga kai sama, wajen kujerun baƙi. Malaman makarantar ne jere, shugabansu a gefe yana yi musu bayani da hannu. Yaya a layin gaba, daidai saitina, inda hasken fitilu ke sauka a fuskata. Ba ta kallon hannun shugaban. Ba ta da bukata.

Ban san za su zo ba. Ko da yake, da na yi tunani, da na san dalilin saƙon ranar Asabar.

Na ci abincin rana. Na cinye duka.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Na je makarantar bayan an tashi. Na same ta a ɗakin ajiya tana ninke zannuwan gado, makullai a ƙugu. Na tsaya inda haske yake da kaina, ba sai ta juya ni ba.

Na yi bayani dalla-dalla. Ɗakin haihuwa, Bulaliya, lale. Na ce ko da na ce e gyaran ba zai wuce ba, masu cewa a'a sun fi yawa nesa. Tana kallon bakina har na gama. Sai na kawo abin da na zo da shi. Na ce, Yaya, ban faɗa ba fa. Baki kawai na motsa, wallahi murya ba ta fita ba. Babu wanda ya ji a'a daga gare ni.

Ta ajiye zanen.

“Murya,” ta ce. “Auta, ni na taɓa jin muryarka? Ko kukanka na jariri gani na yi. Bakinka na sani. Da shi ka ce min Yaya, da shi ka ce za ka tsaya musu, da shi ka ce a'a.”

Na fara cewa wani abu. Ta rufe idonta.

Na daɗe a tsaye ina magana kafin na gane babu mai ji. Ba ta buɗe ba har na fita.

Lahadi, 30 ga Nuwamba

Babu komai. An wanke mota.

Laraba, 3 ga Disamba

Ana ta bin kasafin sashe-sashe. Ruwa, noma, kashe gobara. Duk inda aka ce a ce e, ina cewa, da murya. Ban ga bambanci ba.

Uwar yara ta ce na bar fuskata kamar gonar da mai ita ya yi ƙaura. Na ce sanyin zaure ne, gashin yana taimakawa. Ta ce, “Ka kira Yaya?” Na ce kin manta ba a kiranta. Ta ce na san abin da take nufi.

Asabar, 6 ga Disamba

Mutanen mazaɓa sun zo godiya, mota cike. Mai walda na cikinsu, ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce matarsa na da ciki kuma. Na yi musu murmushi, aka ɗauki hoto.

Ban yi kuskure ba. Na rubuta don in gani a rubuce.

Talata, 9 ga Disamba

An aika wa iyayen yara su zo da hutun nan su kwashe kayan 'ya'yansu gaba ɗaya. A bakin direba na ji. Na tura wa Yaya saƙo. Ta buɗe, ba ta amsa ba.

Alhamis, 11 ga Disamba

Na tsaya ofishin akawun majalisa, don kawai hanya ta biyo ta nan. Hira ta kawo hira. Ya ce kafin a yi wa kasafin karatu na uku, wato na ƙarshe, ɗan majalisa na iya neman a mayar da sashe guda kwamiti. Kuma in an zo ƙuri'a yana iya neman a bar murya, kowa ya tashi tsaye a gan shi. Ya ce an daɗe ba a yi ba, ba a son mai nema. Ya kalle ni ta saman tabarau. Na ce tambaya ce kawai.

Litinin, 15 ga Disamba

Na yi aski da kaina da safe, na aske gashin bakin tas. Ƙaiƙayi yake min, ba wani abu ba. Reza ta ɗan yanke ni.

Na biya makarantar. An jingine katifu a baranda, an ɗaure su bibbiyu. Yaya na zaune tana ɗinke bakin wani buhun kaya. Na buga teburin da tafin hannu yadda nake yi ina yaro, don ta ji motsin a gwiwar hannunta. Ta ɗago. Idonta ya tsaya a bakina, kaɗan.

“Ka yanke kanka,” ta ce, ta koma kan ɗinkinta.

Na taya mai gadi ɗaukar katifu zuwa ɗakin ajiya, rigata ta yi datti.

Gobe karatu na uku. Na ba akawu sunana cikin masu magana. Babu abin da zai sauya, sun fi yawa, kuma Bulaliya ya kira sau da dama ban ɗauka ba. Ban san abin da zan gaya wa mai walda ba. Wataƙila ma in an kira ni in ce na janye.

Na dai tambayi akawu ko kujerun sama a buɗe suke gobe. Ya ce kullum a buɗe suke.